Ƙawar Kaka ta Ruga

Jiya maƙwabciyata a nan Kano ta soya man shanu, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina wanki. Sai ga ni na koma bayan gidanmu na ƙauye, can wajen Bunkure, ina 'yar ƙarama.

Gidanmu ne na ƙarshe a garin. In ka fita ta ƙofar baya, hagunka kanal ne mai kawo ruwan noman rani, damanka kuma daji mai kanya da ɗinya da kargo. Tsakaninsu akwai burtali, inda shanun Fulani ke bi su sha ruwa. Rugar ba nisa, da safe har kukan maruƙa muna ji.

A rugar akwai wata tsohuwa, doguwa siririya, muna ce mata Inna. Kullum da hantsi sai ta biyo burtalin da ƙwaryar nono, ta sauke a gindin tsamiya, inda kakata ke shimfiɗa tabarma. Ba su cika magana ba. Kaka na tsince shinkafa, Inna ta sa hannu ta taya ta. In za ta tafi, Kaka ta ƙulle mata shinkafa a gefen zane, ita kuma ta bar mata man shanu a ɗan ƙoƙo. Da damina, in ƙafar Kaka ta kumbura, Inna ce ke haƙo saiwa a daji ta dafa, ta gasa mata. Da kakanmu ya rasu, a ɗakin Kaka ta riƙa kwana har aka watse zaman makoki.

Sai shinkafa ta yi daraja. Kowa ya shiga faɗaɗa gona, aka fara sare dajin. Baffa, ƙanen babana, ya nome gefen burtalin, da shekara ta zagayo ya ƙara, har hanyar ta matse. Kaka ta kira shi.

"Kai ka tarar da hanyar nan. Ka bar musu ita."

"Iya, kowa ya nome nasa gefen. Ni da me zan ciyar da yaran nan?"

Wata rana shanu suka faɗa cikin dashensa suka tattake shi. Baffa ya ɗaga sanda ya fasa wa ɗan Inna kai, magana ta kai gaban mai gari. An sasanta, amma ba a jima ba Inna ta zo da hantsi, babu ƙwarya a kanta. Ko zama ba ta yi ba.

"Za mu tashi," in ji ta.

Kaka ta kama hannunta. "Ki yafe mana."

"Ke me kika yi mini?"

Na tsaya ina kallon bayanta har ta shige dajin. Kaka ta ci gaba da fita da tabarmarta na ɗan lokaci, daga baya ta daina. Ta yi 'yan shekaru a haka, sannan ta rasu ana tsakiyar yankan shinkafa.

An riga an yi sadakar arba'in lokacin da wani mai babur ya sauke wata tsohuwa a ƙofar gida. Inna ce, ta ranƙwafa, ta rame. Ta yi sallama da fara'arta ta ce, "Ina ƙawata?" Baffa ne ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata. Ta shiga ɗakin Kaka ta daɗe a zaune tana addu'a. Da ta fito, Baffa ya miƙa mata ruwa, ta karɓa ta sha, ta ce Allah ya ba shi haƙuri. Ba ta yarda ta kwana ba.

Yanzu babu daji a wajen. Gidajen bulo ne a jere har bakin kanal, sai injin cashe shinkafa da ke ƙugi yini guda. In 'ya'yana suka tambayi inda rugar take, katangar injin nake nuna musu. Da Sallar da ta wuce na tambayi mahaifiyata wane gari su Inna suka sauka bayan sun tashi. Ta ce, "Kin san ba wanda ya tambaye ta."