Kwasar Watan Bakwai

Ni ce uwar adashin layinmu a unguwar Imbaba ta birnin Alƙahira tun kafin a ja mana bututun gas, kuma wallahi na gaji da aikin. Mata goma sha biyu, kowacce da watan kwasarta, kowacce da kukanta. Mai aurar da 'ya tana son gab da babbar salla, mai 'yan makaranta tana son ƙarshen hutu. Duk shekara sai na yi rabon faɗa kafin a zauna lafiya. Badriyya ce kaɗai ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba, sai da ta tashi bayarwa ta haɗa min gaba ɗaya.

Badriyya ɗinkin labule take yi a ɗakinta, hawa na uku a gininmu. Marainiya ce, ta haura talatin ba ta yi aure ba, har bakin mutane ya gaji ya ƙyale ta. Sai ga Siddig, mutumin Sudan, ya kama shago a ƙasan bene yana gyaran firji. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu, kuma magana a wurinsa kamar saye yake yi. Firjinta ya lalace sau ɗaya, ya gyara. Da ya sake lalacewa sau uku a wata guda, muka ce to, wannan ba ciwon firji ba ne.

Kawunta ya kira malamin unguwa aka ɗaura aure, aka yi guɗa, aka ci shinkafa da miyar lalo. Sitt Fawziyya ta hawa na biyu ita ta yi wa amarya lalle, ita ta tsaya mata a matsayin uwa. Dukkanmu mun ɗauka magana ta ƙare. Ai aure ya ɗauru, shaidu sun shaida, me ya rage?

Ashe ba a fara ba. Da suka je ofishin shige da fice neman a mayar wa Siddig da izinin zamansa na baƙo zuwa na mijin 'yar ƙasa, ma'aikacin ya ɗaga takardar malam da yatsa biyu ya ce wannan ta cikin gida ce. Auren baƙo ofishinsa daban, kuma sai da wasiƙa daga ofishin jakadancin ƙasarsu. Kwasar Badriyya ta shekarar farko can ta tafi, ko cokali ba ta saya da ita ba.

"Umm Ragab," ta ce min wata rana muna shanya a saman bene, "kin san takarda ma ruɓewa take yi kamar tumatir?"

"Ke dai faɗi, 'yar nan."

"In ta jakadanci ta fito, ta hayar gida ta mutu. In muka lallaɓi mai gida ya sabunta ta haya, sai a ce hotuna sun tsufa. Dole sai duk sun haɗu da ransu a rana ɗaya, kuɗi kuma suna hannu. Ki sa ni watan bakwai, don Allah. Izininsa a watan takwas yake ƙarewa."

Na sa ta. Na san abin da take tsoro. In izinin ya mutu tara za ta hau kansu, wadda ba su da ita, kuma duk ranar da 'yan sanda suka tare motar haya Siddig na iya kwana a hannu, daga nan sai bakin iyaka. Garinsu kuwa yaƙi ya cinye, ba gidan da zai koma. Shekara guda Badriyya ba ta sa nama a tukunya ba sai na layya da aka aiko mata. Wake da burodi safe da yamma, amma zubinta bai taɓa makara ba.

Watan bakwai na kamawa, kuɗi sun taru a hannuna, sai Allah ya yi wa Amm Shahhat mijin Fawziyya rasuwa. Faɗuwa ya yi a bakin masallaci, ko jinya bai yi ba.

A adashinmu akwai ƙa'idar da ba wanda ya rubuta: in mutuwa ta shiga gida, kwasar watan ta gidan ce. Mai watan sai ta koma gurbin mai rashin. Da kuɗin ake kafa rumfar makoki a kan titi, a ɗauko kujeru da fitilu, a kira mai karatun Alƙur'ani, a dafa gahawa. Mutumin da aka yi makokinsa ba rumfa, a wurinmu kamar bai bar kowa a duniya ba ne. Gurbin Fawziyya kuwa watan ƙarshe ne.

Bayan an dawo daga maƙabarta na hau wurin Badriyya. Na same ta a kan keken ɗinki, ba ɗinkin take ba, zaune kawai take.

"Kin san abin da ya kawo ni," na ce.

"Na sani, Umm Ragab. Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya me ba? Fawziyya ce fa! Matar da ta zauna ta yi miki lalle da hannunta!"

"Ita ce. Wallahi da zoben aure ya rage min da na sayar na ba ta, amma ya tafi tun bara."

"Takarda ce za ta fi gawa? Ke ba ki jin kunya?"

Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. "Amm Shahhat an binne shi, Allah ya ji ƙansa, rumfa ba za ta tashe shi ba. Nawa da ransa za a ɗauke min shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa mata maganganu masu zafi. Amma wata nata ne, haƙƙinta ne, ni amana aka ba ni. Na ajiye mata kuɗin a kan keke na sauko.

Haka aka yi makokin Amm Shahhat a ƙofar bene, da kujerun aro daga mai shayi, karatu na fitowa daga rediyo. Siddig bai san abin da ya faru ba. Shi ya ɗauki makara da safe, shi ya jera kujerun, da yamma ya ɗauko faranti yana zagayawa da gahawa. Maza suka riƙa kau da kai, ba wanda ya miƙa hannu. Ya tsaya da farantin a tsakiyar mutane, dogo, ya rasa inda zai ajiye shi. Na tausaya masa har cikin raina.

Daga ranar layi ya juya wa Badriyya baya. Masu labule suka kai ɗinkinsu wani wuri. Ta yi sallama a matakala, a amsa ciki-ciki ko a yi shiru. Ita kuma ba ta bi kowa da ban haƙuri ba, ƙarfin hakan ma babu. Da asuba su fita ita da Siddig su kama layi a ofis, da azahar su dawo da magana ɗaya: a dawo bayan sati biyu. Sati biyun nan sai da suka kai mu cikin sanyi.

Wata la'asar ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Ta rame, gyalenta ma ya yi mata yawa. Ta miƙo min katin izinin zaman Siddig.

"Ya fito."

"Alhamdu lillahi! To ai sai ki huta."

Ta yi wata 'yar dariya. "Duba ranar ƙarewa. Sun ce ba sa ba da izinin da ya wuce ran fasfo, fasfonsa kuwa saura ƙasa da shekara. Sai mun sabunta shi, sannan mu sake komawa layi."

Na duba ranar, haka ne kuwa. Ta san sabon zubi na farawa da sabuwar shekara, ni kuma na san matan sun riga sun gaya min in Badriyya na ciki su suna waje.

"Babu gurbi bana, 'yar nan," na ce.

"Na sani. Na zo ne dai ki gani, ba ni da wanda zan nuna wa."

Ta karɓi katinta ta hau sama a hankali, tana dafa bango.

Ranar rabon watanni matan suka cika min falo, ana shan shayi ana musu kamar kullum. Da aka zo gurbin da ya rage na ce bana hannu biyu zan yi. Aka fara tsokanata, wai ko miji na samu zan yi kayan ɗaki. Fawziyya na zaune a gefe cikin baƙaƙen kayanta, ba ta yi dariya ba.

"Hannun na biyu wane wata, Umm Ragab?" ta tambaya.

"Watan bakwai."

Kowa a falon ya gane don Badriyya na ɗauki hannun. Fawziyya ta daɗe tana kallona, ni ma ban kau da ido ba. Can ta kwance bakin gyalenta, ta ciro zubinta ta ajiye a kan tebur.

"To," ta ce, "sai mu roƙi Allah kada kowa ya mutu a watan bakwai."