Ranar da Murfin Firizar Gwaggo Ya Ƙi Buɗuwa

Abin da idona ya fara sauka a kai da muka shiga gidan Gwaggo Asabe a Mando, da sanyin safiyar Alhamis ɗin ƙarshe ta zangon farko ina aji huɗu na firamare, shi ne tsohon bargon Umma. Yana shimfiɗe a kan firiza yadda muka bar shi, amma gefensa da ya shige ƙarƙashin murfi ya sandare, wani farin abu mai kama da garin sukari ya bi bakin murfin ya zagaye shi. Na sa yatsa na taɓa, ya narke a fatata. Ban taɓa ganin irinsa ba. Na manta da sanyin da ya cinye mini kunnuwa a kan acaɓa, na manta ban gaida kowa ba, sai da Umma ta dungure mini kai.

A cikin firizar nan alkawarina yake. A makarantarmu, ranar da za a ba da hutu kowane aji yakan yi 'yar liyafa, kowa ya kawo abin da ya samu. Ni kuwa yarinya ce da ko sunana aka kira sai an ce in ɗaga murya. Kujerar baya ce tawa, kusa da taga, inda nake kallon tururuwa suna jan ɓarɓashin biskit. In an fita tara 'yan mata suna tsallen igiya, ni ce mai gadin takalma. Da Malama ta tambayi wanda zai kawo abin sha, sai Rukayya, monitar ajinmu, ta ce, "Jidda dai shiru za ta ƙullo mana a leda." Aji ya tuntsire da dariya. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai jin bakina na yi yana cewa zoɓo zan kawo, mai ƙanƙara, na kowa da kowa.

Umma ba ta yi faɗa ba. Ta wanke zoɓorodo, ta dafa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ni kuma na zauna a kan tabarma ina ɗurawa a leda ina ƙullewa, har yatsuna suka rine ja. Matsalar ita ce wuta. A unguwarmu ta Hayin Banki wuta baƙuwa ce, ta leƙo ta koma, don haka matan layinmu suna da dabararsu: a murɗa sanyin firiza har ƙarshe, a jiƙa bargo a lulluɓe ta, a cusa gefensa inda robar murfi ta saki don kada sanyi ya zurare. Tun ranar Litinin muka kai zoɓon Mando, gidan Gwaggo, yayar Abbanmu, inda wuta take zama. Ba mu same ta ba, ta tafi biki Rigachikun, sai Umma ta yi wa firizarta irin hidimar da ta saba yi wa tamu.

To ga shi ranar liyafa ta zo, Umma ta kama murfi ta ja, ko motsi bai yi ba. Baba Sani, mijin Gwaggo, ya fito cikin farin kaftaninsa na zuwa ofis, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla ya ɗaga. Sai firizar gaba ɗaya ta taso daga kan katakonta, murfi na manne. Ya ce a miƙo masa wuƙa.

"Alhaji, don girman Allah ajiye wuƙar nan," in ji Gwaggo. "Ka huda mini ita gas ya fita, a kanka zan riƙa ajiye kifin?" Ta juyo kan Umma tana riƙe da ƙugu. "Ke kuma matar ƙanena, nan ba Hayin Banki ba ne. Tun da kuka tafi wutar nan ko ƙiftawa ba ta yi ba. Kin lulluɓe ta kamar mai zazzaɓi, ga shi ta ji daɗi ta riƙe bargonta."

"Yo Yaya, mu tamu in ba a lallashe ta ba ko ruwa ba ta sanyayawa," Umma ta ce tana dariya.

Gwaggo ta zare wayar daga bango, ta ɗora tukunyar ruwa a wuta. Aka tara tsummoki da tsofaffin tawul, ana tsomawa a ruwan zafi ana dannawa a bakin murfin. Ni aka ba buta, aka ce in bi gefen bargon ina tsiyayawa kaɗan-kaɗan. Tururi ya cika ɗakin girki, ruwa ya malale a siminti har ya jiƙa mini safa, ban damu ba. Na kara kunnena a jikin firizar, sai na ji wani ɗan sauti a ciki, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen ganye. Na ɗago da sauri na ce, "Tana saki!" Duk suka juyo suna kallona, don ba su saba jin muryata da ƙarfi haka ba.

Amma ba ta saki da wuri ba. Rana ta gangaro daga saman katanga zuwa tsakar gida, na ji ƙararrawar wata makaranta a bayan layi, na san a tamu ma an shiga aji. Umma ta dube ni ta ce in abin ya ƙi, sai mu saya musu lemon kwalba a hanya. Na girgiza kai, idona ya ciko. Zoɓo na ce, kuma kowa ya ji. Gwaggo ta kalle ni, ta sake cika tukunya. A zagaye na gaba bargon ya yi laushi, ta zare shi a hankali, Baba Sani ya sa tafin hannu ya bubbuga gefen murfin, sannan su uku suka kama tare. Ƙara ɗaya muka ji, ɓas, murfi ya tashi, farin hayaƙi mai sanyi ya bugi fuskata. Ciki ya yi fari fat, ƙanƙara ta tsiro a bango kamar gashin tunkiya. Na yi tsalle a cikin ruwan nan ina tafi.

Ledojin zoɓon kuwa sun haɗe sun zama dutse guda, ja wur, har da ledar kifin Gwaggo manne a gefe. Aka ɓanɓare kifin, aka mirgina dutsen cikin baho. Baba Sani, da kaftaninsa jiƙe har gwiwa, ya ce ofis ya jira, ya sa mu a mota. Da muka isa an riga an fara cin cincin. Ni da Umma muka shigo da bahon yana hayaƙi, aji ya yi tsit, sannan ihu ya ɓarke, har 'yan ajin maƙwabta suka cika taga. Rukayya ma sai da ta hau kan benci.

Yanzu ina shirin gama sakandare. Muna da sola a gida, sabuwar firizarmu ba ta tara ƙanƙara, murfinta da yatsa ɗaya ake ɗagawa, ƙannena kuma ko kallonta ba sa yi. Firizar Gwaggo ta daɗe da mutuwa, shinkafa ake ajiyewa a ciki. Wani lokaci nakan so a ce wani abu ya sake ƙin buɗuwa, mu taru mu huɗu a kansa da tukunyar ruwan zafi.

A ranar liyafar nan, da ledojin suka fara rabuwa, Malama ta kira monita ta zo ta raba, kamar yadda aka saba. Rukayya ta sauko daga benci ta nufo bahon. Yatsuna sun ƙage don sanyi, amma ban matsa daga wurin ba. Na ɗaga kai na dubi Malama, da muryar da har na kujerar baya suka ji, na ce, "Malama, don Allah a bar ni in raba da hannuna."