Ranar da Aka Rufe Rijiyar Gidanmu

Shekarar da na koma neman digiri na biyu a fannin bin diddigin annoba da hana yaɗuwar cuta, ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Kakuri. Ranakun aiki ina kan marasa lafiya, Asabar ina aji. Damina ce, kwatoci duk sun cika sun tumbatsa.

Sai aka fara kawo mana masu amai da gudawa. Da na duba fuskokinsu, sai na ga duk 'yan layinmu ne na Makera: matar tela, 'ya'yan mai wanki, da tsohuwa mai ƙosai. Na yi musu tambayoyin da aka koya mana. Ba su ci abinci ɗaya ba, ba su je biki ɗaya ba. Amma da na zo kan ruwa, bakinsu ɗaya: "Ai a gidanku muke ja."

Kakanmu ne ya haƙa rijiyar nan. Wan mahaifina, da muke kira Baba, shi ke riƙe da gidan, kuma bai taɓa hana kowa ruwa ba. 'Yan gidan ruwan leda suke sha, shi ya sa ba wanda ya kwanta. Amma washegari sunan ɗan ƙanena ne, kuma na san da ruwan rijiya za a haɗa zoɓon jama'a.

Na kira malamarmu a waya. "Malama, ba ni da tabbas sai an gwada ruwan."

Ta ce, "Gwaji zai ɗauki kwanaki. In kin sa an rufe ba ita ba ce, kunya za ki sha. In kin bari kuma ita ce fa?"

Na hau keke napep zuwa Makera. Na tarar da rago a ɗaure, mata sun cika tsakar gida, zoɓo har an tace a manyan robobi. Na durƙusa gaban Baba na gaishe shi.

"Baba, alfarma nake nema. A rufe rijiya, a zubar da zoɓon nan."

Goggo, ƙanwarsa, ta ajiye ludayi. "Ruwan da aka yi miki wanka da shi kina jaririya, yau shi ne guba? Gobe suna, so kike a ce mu muke kashe unguwa?"

Baba bai dube ta ba. Ni ya kafa wa ido. "Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, Baba. Amma duk wanda ya kwanta, ruwan nan ya sha."

Ya juya ya dubi rijiyar. Gwiwoyina suka fara ciwo a kan siminti.

Sannan ya ce, "Mai ƙosai, yaya jikinta?"

"Ruwa ake ta ƙara mata. Ba ta gane mutane."

Ya miƙe, ya jawo wani tsohon kwanon rufi ya kifa a bakin rijiyar, ya ɗora bulo da hannunsa. Ni na zubar da zoɓon a kwata, ba wadda ta kama mini. Aka yi suna da ruwan burtsatse da aka tafasa.

Mai ƙosai ta rasu kafin sakamakon gwajin ruwan ya fito. Da ya fito, aka ga ruwan masai ne ya tsiyaya cikin rijiyar. Ma'aikatan lafiya suka zo suka zuba magani, aka ɗaga bakinta da siminti, sauran marasa lafiyar suka warke.

Goggo ta yi watanni tana amsa gaisuwata da ka kawai. Baba kuwa bai sake tayar da maganar ba, amma ya daɗe ba ya zama a ƙofar gida da yamma.