Wasiƙun Shaidar Ɗan Yayana

Ina cikin duba littattafan yara a firamaren da nake koyarwa a Rano, sai ga kira da lambar ƙasar waje. Wata mata ce, ta ce ita lauya ce. An kama ɗan yayana a filin jirgin saman ƙasar da yake aiki, can gabas, kuma wata ƙasa ta Turai ta nemi a miƙa mata shi. Wai ya yi kutse a kwamfutocin wani asibiti nasu.

Washegari na shiga mota zuwa Kibiya. Na tarar da Yaya a lambu yana yi wa albasa ban ruwa. A tsaye na gaya masa. Ya kashe injin, ya goge hannu a jikin rigarsa.

"Ya taɓa zuwa ƙasar da ke nemansa?"

"Bai taɓa ba, Yaya."

"To ta ina ya shiga asibitin nasu?"

Na yi ta kame-kamen bayani, har na gane ni ma ban fahimta ba.

Lauyar ta ce in an samu wasiƙun shaidar halinsa, wataƙila alƙali ya duba. Mako biyu muna yawo a babur ɗin Yaya. Limamin unguwa ya rubuta tasa da ajami, na fassara. Mai unguwa ya buga hatimi. Wani dattijon makiyayi a Durba, wanda suka yi kiwo tare da kakan yaron, ya ce shi bai iya rubutu ba, amma sai an sa babban yatsansa. Muka sa.

Ranar Talata na ɗauki hotunan wasiƙun na aika. Ranar Alhamis lauyar ta kira ni. Tun Litinin aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da ke nemansa, in ji ta, kuma aikinta ya ƙare, don can wata dokar ce da wani lauyan. Ko sunan gidan yarin ba ta sani ba.

Bayan wata biyar ɗan yayan nawa ya kira, sau ɗaya tak. Yaya ya miƙo min wayar.

Na ce, "Ka gaya min gaskiya, ka aikata?"

Ya ce, "Baffa, ana sauraron wayar nan. Yaya jikin Inna?"

Kafin mahaifiyarsa ta ƙaraso daga madafi, layin ya yanke. Ta karɓi wayar duk da haka, ta kara a kunne tana kiran sunansa.

Damina uku ke nan. Sabon lauyan ya taɓa amsa min saƙo ɗaya, cewa ba a sa ranar shari'a ba. Da can duk zuwana Kibiya Yaya yakan tambaye ni ko akwai labari. Yanzu sai mu gaisa, ya tambayi iyali. Filin da ya ware wa ɗan nasa don ya gina gida, bana masara ya shuka a ciki.