Ramin Salihu a Fadamar Fitri

Malam Salihu yana ɗinkin takalma a gefen hanyar Aziziyya, a Makka. Na same shi a can a 1966, yana da shekara kusan sittin.

Daga Haɗeja ya taso da ƙafa zuwa hajji. Guzuri ya ƙare masa a Cadi, ya zauna shekara tara a bakin tafkin Fitri, inda aladun daji ke tone gonakin fadama. Manoma suka ɗauke shi aikin kama su. Yakan haƙa rami a kan sawunsu, ya kafa tsinin itace a ciki, ya rufe da ciyawa. Sai ya ƙulle kan ciyawar da ke gefe. Duk ɗan garin ya san ma'anar ƙullin.

Baƙo bai sani ba. Wata safiya ayarin alhazai ya sauka, wani Yunus mutumin Gumel ya gangara alwala, ya faɗa ramin, ƙugunsa ya karye. Ya ce wa matarsa Ɗaso ta bi ayari da 'ya'yansu biyu, zai biyo su. Salihu ya yi jinyarsa wata bakwai har ya rasu, bai taɓa gaya masa wanda ya haƙa ramin ba.

Tun isowarsa Makka yake neman Ɗaso don ta yafe masa. Kowane hajji yana bin tantunan 'yan Arewa da tambaya. Bara wata mai sayar da gyaɗa ta kwatanta masa gida a Ka'akiyya.

Ga yadda ya ce sun yi. Ɗaso ta tsaya bayan ƙofa, ya faɗi komai, sai ta tambaye shi:

"Yaushe ya cika?"

"Shekara goma sha ɗaya ke nan, Hajiya."

"Sha ɗaya. Ni ina nan da aurensa a kaina, duk jirgin da ya tsaya Jidda sai na aika a duba. Bawan Allah, ka ci abinci?"

"Gafara na zo nema."

"Jiran da na yi, halas, na yafe. Amma ƙugun ba nawa ba ne. Wata bakwai kana ba shi kunu, me ya hana ka roƙe shi gafarar?"

Ta aiko masa da shinkafa a kwano, ta shiga takaba a ranar.

Na tambaye shi abin da ya hana shin. Ya ci gaba da huda fata.

"Kullum yana sa mini albarka," ya ce. "Ban iya katse shi ba."