Burtalin Giwaye

Ban taɓa mantawa da ranar da Di'o, Baturen mulki, ya kira ni ofishinsa a Sakkwato kan maganar giwaye ba. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, ni kuwa sabon malamin daji ne a En'e, hukumar gargajiya. Aikina shata daji da nuna wa manoma inda za su sare. Mutanen wani ƙauye can kudu sun kawo kuka cewa giwaye sun tattake musu dawa gab da girbi.

Di'o ya ce, "Nemi maharbi ku tafi. In sun dawo, a harbe."

Na je Ƙofar Marke na samo Baba Ango, tsohon maharbi. Kwana huɗu muna tafe. Da muka isa ko bindigarsa bai taɓa ba. Sawu ya bi yini guda, ina biye, har bakin wani tafki. Ya juyo ya ce, "Malam, wa yab ba mutane wurin ga su noma?"

Ni kuwa na shata gonakin da bazara. Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Hanyar ruwansu kat toshe. In munka harbe uwar garke, sauran haukacewa za su yi, ƙauyen ga ba shi kwana lahiya."

Gaban maigari bai ambaci sunana ba. Shawara ya kawo: a bar wa giwaye burtali kamar na shanu, masu gonakin a ba su wasu a gabas, a riƙa turara kashin shanu da barkono a bakin gona. Wani manomi ya fusata, ya ce, "Mu za a tayar don dabba?" Baba ya ce, "Kai kana jin magana, ita ba ta ji." Aka yi dariya, aka yarda.

Da muka komo na faɗa wa Di'o gaskiya, ina jiran kora. Baba ya ce ta bakin tafinta, "Wanda yab bi sawu da ƙafarsa ba shi sake wannan kuskure." Di'o ya sa hannu a takardar burtalin.

Damina ta zagayo, ƙauyen suka girbe dawarsu lafiya. Allah ya jiƙan Baba Ango, ya rufa mini asiri. Ku da kuke aikin nan yanzu, kafin ku kafa turke a daji, ku tambayi tsofaffin wurin wa ke bi ta nan.