Ƙyallen da Lidiya Ta Ɗaura wa Kwamfutar Mamman

Mamman mutumin Ringim ne. Da dakon fata ya fara a wata masana'antar jima da ke Challawa, har Allah Ya haɗa jininsa da tsohuwar kwamfutar da ke auna faɗin fatu. Shekara goma sha biyu ke nan yana jinyarta.

Ciwonta ɗaya ne, zafi. Ƙurar fata takan toshe fankar da ke kan ƙwaƙwalwarta, sai ta ɗauke ɗif ana tsakiyar aiki. Nan take za ka ji ana ƙwala kira, "Injiniya!" Mamman zai taho yana taku ɗai-ɗai, ya kwance fankar, ya kaɗe ta da buroshi, ya goge busasshen man sanyaya ƙwaƙwalwar, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, sannan ya ɗaure notoci huɗu, wannan kusurwa sai waccan. Ma'aikata kan yi cirko-cirko suna kallo. Maganar gaskiya, wannan kiran ya fi albashi yi masa daɗi.

Sai ga Lidiya, 'yar Kagoro mai jera fatu, wadda ko sukundireba ba ta taɓa riƙewa ba. Ta gaji da tsayawar aiki, ta zo da ƙyallen tatar koko ta ɗaure a ramin da iska ke shiga. Duk yamma takan kaɗe shi. Shi ke nan fa! Wata biyu kwamfuta ko tari ba ta yi ba.

Kishi ya turnuƙe Mamman. Ba mai kiran Injiniya, sai dai "Malam Mamman, ina kwana." Har ya ji manaja yana cewa yarinyar nan akwai kai. Kai? Ƙyallen koko ne kai? In ta gaishe shi, a daƙile yake amsawa.

Wata Litinin ya faki ido ya zare ƙyallen, ya cusa a aljihu. Kafin Juma'a kwamfuta ta ɗauke.

"Injiniya!"

Ya taho da takunsa, amma daɗin bai zo ba. Da ya buɗe ta, ƙarfen cikinta ya ƙona masa yatsa, fankar ta daskare da ƙura. Tausayin kwamfutar ya kama shi.

Manaja ya tambayi inda ƙyallen ya shiga. Lidiya ta kalli aljihun Mamman, inda bakin ƙyallen ke leƙowa, sannan ta kau da kai.

"Baba ne suka ɗauka za su wanke," in ji ta, tana nufin Mamman. "Ni ce na manta ban ɗaura wani ba. Baba, ga sabo, ku ɗaura. Hannunku ya fi nawa iyawa."

Ya karɓa ya ɗaura a gaban kowa, ya ja ƙullin sosai. Ya so ya ji haushinta, ya nema ya rasa. Tsohon ƙyallen kuwa ya wanke shi da hannunsa, ya shanya a tagar ofis, yana ta neman bakin da zai mayar mata da shi.